Sabon shiga a wasan MMORPG: daga zaɓen wasa zuwa yaƙin farko cikin tawaga

Abu guda ne ya raba wasannin da ake kira MMORPG, wato waɗanda dubban mutane ke bugawa tare ta intanet, da sauran gem: duniyar da ke ciki ba taka ba ce kai kaɗai. Wanda ya wuce ka a guje bisa doki, da wanda ke tsaye a kasuwa yana cigiyar takobi, da wadda ta tsaya ta warkar da kai sa'ad da dodo ya kusa gamawa da kai, duk mutane ne masu rai, kowa a gaban allonsa. Ka kashe na'urarka ka kwanta, duniyar ba za ta jira ka ba. Farashin kaya zai hau ya sauka, wasu za su ci yaƙi, wasu su tafka asara.

Kuma ba yau aka fara ba. Ultima Online ya fito a 1997, EverQuest a 1999, RuneScape a 2001, World of Warcraft a 2004. Akwai waɗanda suka shekara goma, har ashirin, a cikin wasa ɗaya. Shi ya sa sabon shiga da ya buɗe ido ya ga mutane cikin sulke mai walƙiya sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka an yi masa nisa, dole ya zuba gudu ya cim musu. Gudun nan shi ke fitar wa yawancin mutane da wasan daga rai tun a watan farko. Aikin makonnin farko biyu ne kacal: ka san gwarzonka, wato mutumin da kake sarrafawa a wasan, ciki da bai, kuma ka zama mutumin da wasu za su so su sake fita yaƙi da shi. Lebul da kaya suna tafe, ba sai an yi musu rawar jiki ba.

Da farko, zaɓi wasan da ya dace da kai

In kana da aboki da ya riga ya shiga wani wasa, magana ta ƙare, bi shi. Mutum ɗaya da zai amsa maka tambaya cikin dare ya fi duk wani kyan zane da wasa zai nuna maka. In kuwa babu, to ka duba abu uku: na'urar da kake da ita, yadda ake biyan kuɗin wasan, da kuma irin asarar da zuciyarka za ta iya ɗauka.

World of Warcraft na kamfanin Blizzard da Final Fantasy XIV na Square Enix su ne manyan da ake biya wata-wata. Dukkansu suna barin mutum ya ɗanɗana kyauta. Na Blizzard yana barin ka har lebul 20. Na Square Enix ya fi sakin hannu nesa ba kusa ba, don za ka yi labari mai tsawon gaske ba ka biya ko sisi ba, sai dai an hana mai gwaji shiga kasuwar 'yan wasa da musayar kaya. Ga wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu: ranar da ka sayi Final Fantasy XIV, ƙofar gwajin kyauta ta rufe a wannan asusun, babu komawa. Saboda haka kada ka saya sai ka cinye abin da aka ba ka, ko kuma takunkumin ya fara damun ka da gaske.

Guild Wars 2, wanda ArenaNet ta fitar a 2012, ba shi da kuɗin wata. Tushen wasan kyauta ne tun 2015, ƙarin babi-babi ne ake saya sau ɗaya. Iyakar lebul ɗinsa 80 ne, kuma tun fitowarsa ba a ɗaga ba, don haka wanda ya tafi ya dawo bayan shekara ba zai tarar kayansa sun zama tarkace ba. Ga mai aiki ko karatu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wanda waya ce kawai a hannunsa, ko kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, ya duba Old School RuneScape ko Albion Online. Dukkansu suna tafiya a waya da kwamfuta, da gwarzo ɗaya a duniya ɗaya. Amma Albion, shi da EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya da kamfanin CCP na Aisland ya ƙirƙira, wasanni ne da ake mutuwa a rasa kaya dungurungum, wanda ya kashe ka ya kwashe. Wasu wannan fargabar ce ke ba su daɗi. In ka san kai mai jin zafin asara ne, kada ka fara da su.

Ni dai a ganina, wanda bai taɓa buga irin wannan wasa ba kuma yana da kwamfuta mai dama-dama, Final Fantasy XIV ko Guild Wars 2 sun fi yi masa sauƙin shiga. Ko ma wanne ka ɗauka, ka tsaya a kansa na 'yan makonni. Awannin farko na kusan dukkansu a hankali suke tafiya, kuma mai tsalle daga wannan zuwa wancan ba ya ganin komai sai ƙofar gida.

Saba da layin intanet

Saba ita ce babbar kwamfutar kamfani da ke riƙe da duniyar wasan, kuma za a ce ka zaɓi ɗaya kafin ka fara. Zaɓi wadda ta fi kusa da inda kake zaune, sai fa in abokanka suna wata. Dalili shi ne duk maɓallin da ka danna sai saƙonsa ya je can ya dawo. Lambar da za ka gani da "ms" a gefenta ita ce tsawon wannan tafiya. Ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 200 zuwa sama za ka fara ganin ka kauce wa duka amma duk da haka ya same ka. Kada ka yi wannan zaɓi da garaje, don a wasu wasannin sauya saba da kuɗi ake yi, a Albion kuwa sabobin Amurka da Turai da Asiya kowacce duniya ce daban, abin da ka tara a ɗaya ba ya bin ka zuwa ɗayar.

Buga wasan kansa ba ya cin data sosai. Saukar da shi ne aiki, don manyan suna haura gigabayit 50, ga sabuntawa da ke zuwa lokaci-lokaci. Layi mai tsayuwa daram ya fi layi mai gudu da yankewa. In da hali, jona kwamfutar da wayar intanet kai tsaye maimakon dogaro da waifai.

Kulle asusunka tun ranar farko

Kalmar sirri ta daban wadda ba ka amfani da ita a ko'ina, sannan ka kunna tabbaci mai mataki biyu, a asusun wasan da kuma imel ɗin da ka yi rajista da shi. Minti biyar ne. RuneScape har wani wuri ya gina domin wannan darasi, Stronghold of Security, a ƙarƙashin ƙauyen Barbarian Village, inda ƙofofi ke yi maka tambayoyi kan tsaron asusu, kuma a kan hanya ka tattara zinariya, wato kuɗin cikin wasa, 10,000. Ga sabon shiga wannan jari ne mai kyau. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba zai taɓa tambayar ka kalmar sirri ba, ko a cikin wasa ko a imel.

Gwarzonka da aikinsa

Nan ne mutane ke ɓata awa biyu suna gyara hanci da launin gashi, alhali galibi hular ƙarfe za ta rufe su. Yi abin da ya yi maka daɗi, amma ka fi ba suna muhimmanci: da shi za a san ka, kuma canza shi sau da yawa sai an biya. Kada ka sa cikakken sunanka na gaskiya ko shekarar haihuwarka.

Abin da ya fi nauyi shi ne rawar da za ka taka a tawaga. Yawancin wasannin nan a kan ƙafa uku suke tsaye. Akwai tanki, mai sulke mai kauri, wanda aikinsa shi ne ya ja fushin dodanni kansa domin kada su taɓa sauran. Akwai mai warkarwa, wanda idonsa ke kan jinin kowa. Sai masu duka, na kusa da takobi ko mashi, da na nesa da baka ko sihiri, waɗanda su ke kashe dodon. A World of Warcraft tawagar kogo, wato keɓaɓɓen wurin da 'yan wasa kaɗan ke shiga tare su yaƙi dodanni, mutum biyar ce: tanki ɗaya, mai warkarwa ɗaya, masu duka uku. A Final Fantasy XIV huɗu ce, masu duka biyu.

Ana yawan ce wa sabon shiga ya ɗauki mai duka daga nesa, kuma shawarar tana da tushe: kana ganin filin gaba ɗaya, kuma kuskurenka ba ya kashe tawaga nan take. Sai dai masu duka sun fi yawa, don haka layin jiran shiga kogo ya fi tsawo a wurinsu, yayin da tanki da mai warkarwa kan samu wuri cikin ɗan lokaci. In zuciyarka ta kwanta da ɗaya daga cikin waɗannan biyun, ɗauka, kada tsoro ya hana ka. Kogunan farko an gina su ne domin masu koyo.

Abin da zan hana ka shi ne zuwa neman jerin "wanda ya fi kowa ƙarfi". Irin wannan jeri an yi shi ne domin ƙwararrun da ke fafatawa a ƙarshen wasa, kuma kamfani na iya juya shi da sabuntawa guda. Gwarzon da kake jin daɗin motsinsa shi za ka daɗe da shi har ka ƙware. A Final Fantasy XIV ma gwarzo ɗaya na iya koyon dukkan ayyuka, sauya makami kawai zai yi. A Albion kayan da ka sa su ne aikinka. A RuneScape babu rabon aiki sam, abin da ka yawaita yi shi ke girma.

Koya wa hannunka tun da wuri

Wannan mataki ana raina shi, kuma shi ne ke bambanta mai shan wuya da mai jin daɗi bayan wata uku. A kwamfuta, yatsun hagu suna kan W, A, S, D domin tafiya, hannun dama yana kan linzami domin juya kallo. Juya gwarzo da linzami, kada ka juya shi da maɓalli, don juyin maɓalli yana da nawa. Dabarun yaƙi kuma kada ka riƙa bin su da kibiyar linzami kana latsawa ɗaya bayan ɗaya a ƙasan allo, domin duk sa'ad da idonka ya sauka can, ba ya kan fili. Ɗora su a maɓallan da yatsunka ke kaiwa ba tare da ka ɗaga hannu ba: 1 zuwa 5, da Q, E, R, F, sannan ka haɗa su da Shift in sun ƙare. Wanda ka fi amfani da shi, ba shi maɓalli mafi kusa.

Duk sabuwar dabarar da aka ba ka, tsaya ka karanta bayaninta. Me take yi, mutum nawa take samu, daƙiƙa nawa take hutawa kafin a sake amfani da ita? Sannan ka je ka gwada ta a kan ƙaramin dodo. Wasan yana ba ka su ɗaya-ɗaya ne da gangan domin hannunka ya riƙe kowacce kafin wata ta zo. Wannan ne ma ya sa nake ganin sayen tsallaken lebul da kuɗi cutar kai ne ga sabon shiga: za ka wayi gari da dabaru talatin a gabanka ba ka san ta farko ba, a tsakiyar mutanen da suka ɗauka ka sani.

Bi babban labari, kada ka watsa ƙarfinka

Kowane wasa yana da wurin koyo, kada ka tsallake shi. RuneScape yana fara ka a Tutorial Island kafin ya sauke ka a garin Lumbridge. World of Warcraft yana da tsibirin Exile's Reach, wanda zai kai ka lebul 10 kuma ya rufe da ɗan ƙaramin kogo. EVE yana da wakilan sana'o'i da ke ba ka aike tare da jiragen farko kyauta.

Daga nan taswira za ta cika da alamomin aike, ko'ina wani na neman a taimake shi. Ba dole ne ka amsa wa kowa ba. Nemo babban labari, wanda yawanci alamarsa daban ce, ka bi shi, domin shi ke buɗe garuruwa da koguna da abin hawa. A Final Fantasy XIV kusan komai a bayansa yake a kulle, kuma ƙananan aiken da suka cancanci tsayawa su ne masu shuɗiyar alama da ƙari a jiki, don su ke buɗe sabon abu. Sauran ka yi su in labarinsu ya ja ka.

Batun kaya a wannan lokaci mai sauƙi ne: sa abin da aike ya ba ka, ka sauya in wanda ya fi shi ya zo. Kada ka juye kuɗinka a kasuwa kan takobin da za ka jefar bayan lebul biyar. Tara kuɗin domin gyaran sulke, kuɗin tafiya, da jaka mai faɗi. Kafin ka sayar wa ɗan kasuwar wasa da wani abu da ba ka gane ba, duba farashinsa a kasuwar 'yan wasa, don fata ko ƙarfe ko ganyen da kake gani tarkace ne wani maƙeri ko mai haɗa magani yana nemansa ido rufe. Ɗaukar sana'ar tattara kaya guda ɗaya, kamar haƙar ma'adini ko saran itace, hanya ce mai tabbas ta samun kuɗin farko.

Ka kuma san cewa hawan lebul yana nauyi ne yayin da ake sama. A Old School RuneScape, inda iyakar sana'o'i take 99, wanda ya kai 92 rabin hanya kawai ya yi. In ka ga tafiya ta rage sauri, ba wani abu ka ɓata ba, haka aka tsara.

Kogon farko

Ranar da za ka fara shiga kogo da mutane ita ce ranar da wasan ke nuna ainihin fuskarsa, kuma ita ce mutane da yawa ke ta ɗagawa saboda fargaba. Bari mu bi ta daki-daki, mu ɗauki Sastasha misali, kogon 'yan fashin teku da Final Fantasy XIV ke buɗewa a lebul 15.

Kafin ka shiga layi, gyara sulkenka, ka rage kayan jaka, ka tabbata kana da kamar minti talatin da ba wanda zai tashe ka. Mutum uku ne za su dogara da kai, fita a tsakiya ba ƙaramin laifi ba ne. A wannan lebul ɗin akwai Hall of the Novice, wurin horo da ke koya wa kowane aiki abin da ake so daga gare shi, kuma ana ba da kaya masu kyau a ƙarshe. Yi shi tukuna.

Allo ya buɗe, ga ku huɗu a bakin kogo. Rubuta gaisuwa, ka ƙara da cewa wannan ne karonka na farko. Jimla ɗaya ce, amma tana sauya komai: wanda da zai yi tsaki in ka yi kuskure, yanzu zai tsaya ya yi maka bayani. Wasan ma yana sa alamar ɗan tsiro kusa da sunan sababbi, kuma yana ƙara wa tawaga lada in akwai wanda bai taɓa shiga kogon ba, don haka zuwanka riba ce gare su.

Tanki ne ke gaba, kullum. In kai ne tankin, duba ka tabbata ka kunna tsayuwar jan fushi, wadda ake kira Iron Will ga mai takobi da garkuwa, Defiance ga mai gatari. In ba ta kunne, duk dukan da za ka yi dodanni za su bar ka su bi mai warkarwa. Ka tara dodannin, ka buge su duka da dabarar da ke samun na kewaye, sannan ka juya su su ba tawaga baya, domin yawancin manyan duka ta gaba suke fita. Ɗauki rukuni ɗaya a lokaci guda har sai ka ga mai warkarwa yana iya riƙe ka.

In kai mai duka ne, ba tanki daƙiƙa biyu ya fara taɓa su. Dodanni uku ko fiye, yi amfani da duka mai yaɗuwa. Ɗaya ko biyu, mai da hankali kan guda. Idan wani dodo ya baro tanki ya biyo ka, kada ka ruga baya kana zagaye kogo da shi. Ruga wurin tanki, ka kai masa shi, zai karɓe. In kuma kai ne mai warkarwa, jinin tanki ne farko, naka na biyu, don in ka faɗi kowa ya faɗi. Ba sai jinin kowa ya cika maƙil a kowane lokaci ba. In ka ga babu mai haɗari, kai ma ka kai duka.

Sai babban dodo. Zai tsaya, wata sanda ta fara cika a ƙarƙashin sunansa, ƙasa kuma ta yi launin ruwan lemo, da'ira ko tsinin mazurari ko dogon layi. Fita daga ciki, ko da kana tsakiyar haɗa sihiri. Matacce ba ya duka. Ga sirrin da ba a cika faɗa wa sababbi ba: a wannan wasa ana yanke hukuncin wanda duka ya samu ne a daidai lokacin da launin ya ɓace, ba lokacin da ka ga wuta ta tashi ba. In kana ciki sa'ad da ya ɓace, ya same ka, ko da ka yi nisa daga baya. In layinka yana da jinkiri, motsa da zarar ka ga launin, kada ka jira.

Wata rana dukkanku za ku mutu a gaban dodo. Ba komai ba ne, ana tashi a sake. Tambayi abin da ya faru, matambayi ba ya ɓata. In kai ne ka tsaya cikin wuta, faɗi haka a gajarce ku ci gaba. Kada ka ɗora wa mai warkarwa. Wanda kuma fargabar mutane ta yi masa yawa, Final Fantasy XIV da World of Warcraft duk suna da hanyar shiga koguna da mayaƙan da kwamfuta ke sarrafawa. Yi zagaye ɗaya da su ka ga hanya, amma kada ka maƙale a nan, don ba za su zama abokanka ba.

Rabon ganima

Dodo ya faɗi, akwati ya buɗe, za a nuna maka zaɓi: Need, Greed, ko ka bari. Na farko na wanda zai sa kayan ne yanzu kuma ya fi nasa. Na biyu na wanda ke so domin sayarwa ko ajiya. Danna Need a kan abin da ba na aikinka ba shi ne hanya mafi sauri ta ɓata suna, kuma a saba ɗaya fuskoki suna maimaituwa. In ba ka tabbata ba, tambaya. In an gama, yi godiya kafin ka fita.

Neman ƙungiya

Tun kana lebul ƙasa za a fara turo maka gayyata daga ƙungiyoyin da ba su taɓa ce maka uffan ba. Yawancinsu adadi suke nema. Ƙungiyar kirki ana gane ta da abu kaɗan: suna kan layi a lokutan da kai ma kake, da harshen da kake ji, ana hira a zaurensu, kuma in sabo ya yi tambaya ana amsa masa ba tare da gori ba. Tambaye su kai tsaye me suke yi a mako, kuma ko suna karɓar masu koyo. A EVE akwai EVE University, ƙungiyar 'yan wasa da tun 2004 aikinta koyar da sababbi. In ka shiga wata ka ga zagi ko wulaƙanci ne abincinsu, fita, ba wanda ke bin ka bashi. Haka wanda ya dame ka shi kaɗai: toshe shi, ka kai ƙararsa ta maɓallin da aka tanada, kada ka tsaya cacar baki.

In ka samu wurin zama, kai ma ka ba da naka. An nemi mutum ɗaya a cike tawaga, amsa. Ka ce za ka zo ƙarfe kaza, zo. Kuma komai daɗin hira, adireshinka da wurin aikinka ko makarantarka da hotunanka su tsaya a wurinka.

'Yan damfara da yankunan haɗari

Je ka Grand Exchange, babbar kasuwar RuneScape da ke Varrock, ka tsaya minti biyar. Za ka ga wani yana ta maimaita cewa yana ninka kuɗi. Ka ba shi dubu, ya mayar maka da dubu biyu. Zuciya ta yi sanyi, ka ba shi duk abin da ka tara, sai ya ɓace daga allo. Na farkon ƙugiya ce. Wani zai ce zai yi wa sulkenka ado kyauta in ka miƙa masa. Babu wannan sana'a a wasan. Wani zai ce ka biyo shi Wilderness da kayanka masu tsada akwai abin da zai nuna maka, alhali can ne ake kashe mutum a kwashe abin da ya zubar. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma duk dabarunsu a kansa suke tsaye. A kowace musaya, karanta allon tabbatarwa na biyu da kyau, don ana sauya kaya a daƙiƙar ƙarshe.

A EVE damfarar cikin wasa ba ta ma saɓa doka ba, ɓangare ce ta wasan. Tsarin taurarin da ke da lambar tsaro 0.5 zuwa 1.0 suna da 'yan sandan CONCORD, amma su hukunta maharin suke yi, ba su hana shi harbi. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasan ke nanata wa sabo kada ya tuƙa jirgin da ba zai iya jure rasa shi ba. A Albion launin yanki ne gargaɗinka: shuɗi lafiya, rawaya da sauƙi, ja da baƙi kuwa in an kashe ka komai ya tafi. Ka shiga su, don can ne riba take, amma da kaya masu araha waɗanda kana da irinsu biyu ko uku a ajiye.

Masu tallan zinariyar wasa da kuɗin gaske a wasu shafuka, ka yi nesa da su. Kamfanoni suna rufe asusu a kan haka, kuma sau da yawa zinariyar daga asusun da aka sace ta fito. Hanyar halal tana nan ga mai so: WoW Token na World of Warcraft, Bond na RuneScape, da PLEX na EVE, abubuwan da ake saya daga kamfani da kuɗin gaske a sayar wa 'yan wasa da zinariya, waɗanda kuma ta cikinsu mai zinariya da yawa ke iya biyan kuɗin wata ba tare da ya taɓa aljihu ba.

Aljihu da agogo

A watan farko kada ka sayi komai a shagon wasa bayan kuɗin shiga. Ba ka san abin da ke da amfani ba tukuna. Akwatunan sa'a, waɗanda ake biya ba a san abin da ke ciki ba, su ne mafi hatsari. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irinsu a matsayin caca tun 2018. In yaro ne ke wasan, kada a bar katin banki a jone da asusun.

Lokaci kuma ya fi kuɗi saurin zubewa. An gina wasannin nan da ladan kullum da na mako domin ka ji kamar in ba ka shiga yau ba ka yi asara. Ladan nan ƙanana ne, kuma yawancin wasanni suna da hanyar da wanda aka yi wa nisa zai kamo. Yanke wa kanka lokacin tashi kafin ka zauna, kuma kada ka shiga layin kogo in saura minti goma. In ka lura barci ko aiki ko mutanen gidanka sun fara biyan kuɗin wasan, ko kuma kana shiga ne don dole ba don daɗi ba, ɗauki hutu.

Kafin ka tafi hutun, kashe sabunta biyan wata da ke cire kuɗi da kansa, ka sanar da ƙungiyarka domin kada a cire ka a ɗauka ka gudu. Kwashe abin da ka sa a kasuwa da wasiƙun da ke ɗauke da kaya, don a wasu wasannin suna da wa'adi. A EVE, kai jiragenka tashar da ba ta 'yan wasa ba a yanki mai tsaro, saboda tashar 'yan wasa ana iya rusa ta kana can. A Final Fantasy XIV, in har ka kai ga mallakar fili da gida, ana rushe shi in ka kwana 45 ba ka shiga cikinsa ba. Gwarzon kansa da lebul ɗinsa da abin da ke bankinsa suna nan yadda ka bar su.